Rawa Ma Magana Ce: Daga Bobo Julaso Zuwa Magarya

Babu ranar da za ka kunna rediyo ba ka ji an ce wani ya taka rawa ba. Gwamna ya taka rawar gani wajen sasanta manoma da makiyaya, sarakuna sun taka muhimmiyar rawa a yaƙi da shan-inna, ana kira ga malamai su ma su taka tasu rawar. Da wannan kalma muke yaba wa manyanmu. Amma a ce yau ɗanka ya zo ya durƙusa gabanka ya ce, "Baba, ni fa rawa nake so ta zama sana'ata," na san amsar da yawancinmu za mu ba shi a nan ƙasar Magarya da Dungas, kuma ba mai daɗin ji ba ce. Kalmar muna sonta a baki, mai sana'ar ne ba ma so a zaure.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne aikin wani mutumin Burkina Faso, Serge Aimé Coulibaly, da ƙungiyarsa mai suna Faso Danse Théâtre. A waya na ga aikinsa, guntu-guntu, kamar yadda muke ganin komai a nan: da dare bayan isha'i, in layi ya yi kyau kuma akwai sauran caji. Na fi shekara ina komawa kan waɗannan guntaye, kuma duk lokacin da na kalla sai tunanina ya dawo kan yaran da nake koyarwa. Inda na tsaya shi ne, rawa ma hanya ce ta faɗar magana mai nauyi. Mu mutanen wannan yanki mun taɓa sanin haka, kuma sakin da muka yi mata ya bar ƴaƴanmu da abubuwa cunkushe a ciki, ba su da bakin faɗa.

Bari in fara da fayyace irin rawar da nake nufi, don in an ce rawar zamani hankalin mutane yakan tafi ga abin da ake yi a gidan biki ko a finafinai. Wannan daban ce. Masu Faransanci na kiranta danse contemporaine. Rawa ce da ake shiryawa don a zauna a kalla, kamar wasan kwaikwayo, sai dai jiki ne ke ɗaukar labarin. Akwai mai tsara ta, wanda matsayinsa kamar na marubuci ne: shi ke zaɓen batu, ya tara ƴan rawa, su yi makonni ko watanni suna gwaji, a riƙe wannan motsi a zubar da wancan, har a sami abu guda mai farko da ƙarshe, na kamar awa ɗaya ko fiye. Ba ta da takun gado da ya zama dole a bi. Mai tsarawa na iya ɗauko taku daga rawar garinsu, ya haɗa shi da tafiyar mai tallan ruwa, ko faɗuwar wanda aka harba, ko tsayuwar mutum shiru na minti biyu. Ma'aunin shi ne ko motsin ya isar da abin da ake so ya isar.

An haifi Coulibaly a Bobo Julaso a 1972. Ya fara ne a ƙungiyar Feeren ta Amadou Bourou a Wagadugu, inda ya yi shekaru yana wasan kwaikwayo da rawa da kiɗa. Daga nan ya tafi Turai, ya yi aiki a Beljiyam da manyan masu tsara rawa biyu, Alain Platel da Sidi Larbi Cherkaoui. A 2002 ya kafa tasa ƙungiyar. Duk wanda ya bi jerin ayyukansa zai lura cewa kusan kowanne ya tsaya ne a kan wani abu da ke ci wa mutanen Sahel tuwo a ƙwarya. A Benguer, na 2006, a kan samarin da suka ɗora ransu ga ƙetarawa Turai ne. Babemba, na 2008, ya ɗauki sunan sarkin Sikasso da ya gwammace mutuwa da miƙa wuya ga Faransawa a 1898, ya kuma waiwayi Lumumba da Nkrumah da Sankara da Mandela, yana tambayar abin da matashin yau zai yi da gadonsu. Kirina, na 2018, wanda mawaƙiyar Mali Rokia Traoré ta yi wa kiɗa, ya ɗauki sunan fagen yaƙin da Sunjata Keita ya yi nasara wajajen 1235, ya nuna jama'a a kan hanya, suna tafiya ba tsayawa, kamar yadda ƴan gudun hijira ke yi har gobe.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne Nuit blanche à Ouagadougou, wato kwanan zaune a Wagadugu. A 2014 Blaise Compaoré, bayan shekara 27 yana mulki, ya so a gyara aya ta 37 ta tsarin mulki don ya sake tsayawa takara. A wannan shekarar Coulibaly ya shirya rawa a kan dare guda a dandalin wani birni, daren da jama'a suka ce ya ishe su. Ya gayyato mawaƙin nan Smockey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Balai Citoyen, ya tsaya a fage tare da ƴan rawar yana faɗar maganganunsa. An fara nuna aikin a ƙarshen Oktoban 2014. Cikin ƴan kwanaki, ranar 30 ga wata, mutane suka ƙona majalisar dokoki, washegari Compaoré ya sauka ya bar ƙasar. Ban ce rawa ce ta kayar da shi ba. Abin da ya bayyana shi ne mai tsara rawar ya saurari garinsu sosai, har ya sa a jikin ƴan rawarsa abin da titi ke shirin yi.

Akwai kuma wani abu game da wurin da aka nuna shi. Bikin Récréâtrales ne, wanda Étienne Minoungou ya kafa a 2002, kuma ana yin wasanninsa a tsakar gidajen talakawa a unguwar Gounghin. Iyali su ba da tsakar gidansu, a kafa benci, maƙwabta su shigo. Matar da ta gama tuwon dare za ta iya fitowa da mayafinta ta zauna ta kalla. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kalakuta Republik shi ne na fi samun guntayensa. An kai shi babban bikin Avignon na Faransa a 2017, kuma a kan Fela Kuti ne, wanda gidansa na Legas ke da wannan suna. Gidan ne sojoji suka afka wa suka ƙona a Fabrairun 1977, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, raunin da ya yi ajalinta a shekara ta gaba. Na zaci zan ga an kwaikwayi Fela da ƙahonsa da matansa. Ba haka ya yi ba. A kashi na farko komai baƙi da fari ne. Kiɗa ɗaya ke tafiya ba yankewa, ƴan rawa kowa na nasa motsi, kafaɗa na karkarwa, ƙafa na dukan ƙasa, sai can ka ga sun haɗu a taku ɗaya kamar an ja su da igiya, sai kuma su sake watsewa. Shi Coulibaly yana tsakaninsu kamar madugu, ya ɗaga hannu su bi. A kashi na biyu launuka sun shigo, wurin ya koma kamar gidan rawa gab da asuba, kujeru a warwatse, jikkuna sun gaji. Abin da na karanta a ciki shi ne tambayar da duk mai bin wani jagora ya kamata ya yi wa kansa: mutumin da ya tashe mu tsaye, shi wa zai faɗa masa gaskiya in ya kauce? Ba a furta wannan da baki ba. Na gan shi ne a yadda mabiyan ke kallon madugun, da yadda kallon ya sauya kafin a tashi.

To, me ya haɗa wannan da Magarya? Abin da ya haɗa su shi ne mu ma mun yi irinsa, da sunan bale. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da samariya, kuma a 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a nan Damagaram. Kowace gunduma sai ta tace gwanayenta a waƙa da wasan kwaikwayo da bale, a je a kara a jiha, waɗanda suka yi fice su wakilci jihar a ƙasa. Ni ƙarshen abin na tarar ina yaro, amma yayyenmu sun yi shi da ƙarfinsu. Bale ba jera rawar gargajiya kawai ba ne. Labari ake ɗaukowa, na fari ko na ci-rani ko na auren dole, a ɗinka shi da takun da aka sani. Akwai wanda ke zama ya ce masu ganga su shigo nan, ƴan mata su fito ta can, a nan za a tsaya cik. Wannan mutumin mai tsara rawa ne, ko da ba a kira shi da sunan ba. Sau da yawa ma malamin makaranta ne, kamar yadda Yazi Dogo, wanda wasanninsa na Damagaram suka cika rediyo da telebijin, shi ma malamin makaranta ne.

Ba na cikin masu cewa komai na wancan zamani zuma ne. Samariya hannun gwamnati ce, kuma yawancin bale abin da hukuma ke so a faɗa shi yake faɗa. Ba wanda zai yi irin na Coulibaly a gaban Kunce ya kwana gida. Shi ya sa da guguwar dimokuraɗiyya ta zo, aka yi taron ƙasa na 1991, samariya ta bi tsohon tsari ta tafi. Sai dai da ta tafi, ta tafi har da fagen da saurayin Bande ko na Wacha ke koyon tsara motsi don ya faɗi wani abu, kuma ba a kafa wani fage a gurbinsa ba.

Yau rawa iri biyu ta rage mana a fili. Ta farko ita ce ta tarbar baƙi. In babban mutum zai zo, ko an yi babban biki irin na 18 ga Disamba da aka yi a Damagaram a 2018, sai a nemo masu ganga da ƴan rawa, a ɗinka musu kaya iri ɗaya, su yi minti biyar a rana, baƙo ya yi murmushi ya wuce rumfa. Ta biyu ita ce wadda yara ke kwafa daga waya. Mu nan Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, naira ma tana yawo a kasuwanninmu tare da sefa, don haka abin da finafinan Kano suka ɗauko daga na Indiya shi ke isowa tsakar gidajenmu, yanzu kuma ga TikTok. Ta farkon ba ta cewa komai sai barka da zuwa. Ta biyun kuwa abin da take cewa shi ne ya sa iyaye suka tsani kalmar rawa gaba ɗaya.

Alhali kayan aikin na nan zube. Dubi ɗan kokowa in ya shigo fili yana kirari, yadda yake taku yana nuna ƙasa yana nuna sama, ko wanda bai ji kalma ɗaya ba ya san me yake cewa. Dubi ƴan tauri, da maharba, da takun Fulani a wurin sharo. Dubi wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon shugabanni da kayan da aka ƙera da karan gero: tafiyar mutum kawai za a yi, jama'a su fashe da dariya don sun gane ko wane ne. Dubi mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Dubi layin manoma a gayya in gangar noma ta yi zafi, yadda bayansu ke sunkuyawa ya tashi lokaci guda. Mutumin Bobo da irin waɗannan ya gina sana'ar da ta kai shi duniya. A Kano ma rawar koroso da ake ji da ita ba daga sama ta faɗo ba, zama aka yi aka harhaɗa ta daga takun Hausawa da na Fulani, aka sa mata sunan abin da ake ɗaurawa a ƙafa yana kacau-kacau. Yau ana kiranta ta gargajiya.

Na taɓa gwada wani ɗan abu a wata makaranta da na koyar a ƙasar Dungas. Aji ne na rumfar kara, ƴan CM2, lokacin motsa jiki. Na ware maza gefe guda, na ce kowa ya nuna mana yadda mutum ke barin gida, amma ba magana. Wani yaro na buga jarka a hankali. Na farko suka yi abin dariya, wannan ya kwaikwayi mai tafiya kasuwar Maigatari yana jan akuya tana turjewa, wancan ya yi ɗan ci-rani da ya dawo da tabarau yana taƙama. Sai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya fito, wanda in ka tambaye shi abu a aji sai ya sunkuyar da kai. Ya ɗaure ƙullin kaya da babu shi, ya ɗora a ka. Ya sunkuya ya goya jariri, ya gyara zane. Ya kama hannun wani ƙaramin. Ya fara tafiya yana waiwaye. Tafiyar ta yi ta raguwa. Ya sauke kayan, ya kare ido da hannu ya duba gabas ya duba yamma. Ya ɗauki jarkar da babu ita ya kifa ta, ya girgiza. Sai ya zauna a ƙasa, ya kwanto goyon ya rungume.

Mai buga jarka ya daina bugawa. Duk ajin sun san uwar yaron ta tafi arewa da ƙannensa biyu tun kafin damina, shi aka bar shi wurin kakarsa. Ni ma na sani, a takarda. Abin da yake kwana da shi kuwa a ranar na gan shi. Da muka koma rumfa, yara huɗu suka ɗaga hannu, kowa na da wanda ya tafi.

Wanda ba ɗan yankin nan ba zai iya tambaya daga ina yaro ya samo wannan hoto. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga ƙasar Kance suke, maƙwabtanmu. An yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa. Tafiyar ba ta tsaya ba, kuma ta shafi garuruwanmu. An yi taruka, an rubuta rahotanni da Faransanci, an yi wa'azi. Yaran da aka bari a gida kuwa ba wanda ya tambaye su komai, kuma ko an tambaye su, tarbiyyarmu ba ta ba yaro damar ya tsaya gaban manya ya ce yana tsoron uwarsa ta mutu ba. Kunya ta hana baki. Jiki ne ta bar wa ƴar ƙofa.

Abin da yaron nan ya yi ba aikin fasaha ba ne tukuna, ɗanyen kaya ne. Daga nan aikin mai tsara rawa ke farawa. Shi zai ga cewa waiwayen nan shi ne zuciyar abin, ya ce a maimaita shi sau bakwai, kowane ya fi na baya gajarta. Shi zai sa mutum goma su yi tafiyar tare, ɗaya bayan ɗaya na zama, har saura guda. Shi zai san inda ganga za ta yi shiru. Wannan ilimi ne da ake koya, kamar yadda ake koyon ƙira ko gini, kuma shi ne Coulibaly ya ƙware a kai. A makarantar horon malamai an koya mana cewa yaro na koyo da dukan jikinsa, amma da muka fito aiki sai jikin ya zama abin da ake ce wa zauna, yi shiru, naɗe hannu.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini. Bayan kwana biyu wani dattijo daga cikin iyayen yara ya same ni a gindin bishiya, muka gaisa, ya ce, "Mushe, karatu muka kawo su ko rawa?" Na ce, "Baba, karatu ne. Amma ku zo ku gani da idonku, in kun ga abin da bai dace ba, a bari." Damuwarsa ba ta banza ba ce. Abin da ya gani da sunan rawa shi ne cakuɗar maza da mata, da tufafin da ba su rufe jiki ba, da waƙoƙin da ba a iya ji gaban suruki. A kan irin wannan ne aka kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001, kuma har yau ana ta ja-in-ja. Hukunci na malamai ne, su za a tambaya. Abin da zan iya tunatarwa shi ne Buhari da Muslim sun kawo labarin Habashawa da suka yi wasa da masu a masallacin Manzon Allah (SAW) ranar idi, Nana A'isha (RA) na kallo. Sannan cakuɗa ba sharaɗi ba ce a wannan sana'a. Germaine Acogny ta Senegal, wadda ta kafa makarantar rawa ta École des Sables a Toubab Dialaw, ta shirya Fagaala a 2004 a kan kisan ƙare-dangin Ruwanda da maza zalla, daga baya kuma ta kafa ƙungiya ta mata zalla. Wasu abubuwan da ke cikin aikin Coulibaly ba za su shiga tsakar gidan Bahaushe ba, ni ma ba zan kai su ba. Hanyar aikin nake so mu ɗauka, tufafi da iyaka kuwa namu za mu sa.

Magana ta biyu ta fi wannan wuya, ita ce ta kuɗi. Gaskiya ne wannan rawa a Afirka ta daɗe tana shan nono daga Turai. Ƙungiyar Coulibaly ƙafa ɗaya a Bobo take, ɗaya a Beljiyam, kuma Turawan da suka ga Kalakuta Republik a zaure sun fi ƴan Afirka yawa. A Nijar ma cibiyoyin al'adu na haɗin gwiwa da Faransa su ne suka daɗe suna ba irin wannan aiki masauki. Ta Damagaram an ƙona ta ranar 16 ga Janairun 2015, a zanga-zangar fushi da zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, kuma tun 2023 dangantaka da Faransa ta yi tsami. Duk abin da ya dogara da rijiyar wani, ran da aka rufe rijiyar ya bushe. Shi kansa Coulibaly ya ga haka, shi ya sa ya gina wurin koyo da gwaji mai suna Ankata a garinsu, yake kuma shirya gasar masu rawa ɗai-ɗai a can. A Yamai, Maman Sani Moussa da ƙungiyarsa Néma sun fitar da rawar daga zaure zuwa kan titi da bikin Rue Dance, don wanda ba zai taɓa sayen tikiti ba ya gani. Ashe ba sai an je Burkina ba, a ƙasarmu ma akwai masu wannan sana'a. Nisan Yamai da Magarya ne ya sa ba mu san juna ba.

Magana ta uku ita ce wadda abokan aikina ke yi: muna fama da ajin kara, ba benci, littafi ɗaya yara biyar, kai kana zancen rawa? Ina jin su. Sai dai a duk abin da ake koyarwa, wannan ne kaɗai ba ya neman alli ko lantarki ko littafi. Fili yake so, da jarka, da babba mai lura. Kuma jama'ar da ke cika filin kokowa tun hantsi ba za a ce ba su san darajar kallon jiki mai magana ba. A nan ne darasin unguwar Gounghin ke da amfani. Ba mu da babban zaure, amma tsakar gida da ƙofar fada da filin makaranta ba mu rasa su ba. In aka yi abu a tsakar gida, gaban uwa da kaka da liman, shi kansa wurin zai tace abin da bai dace ba, kuma ba wanda zai ce daga waje aka kawo mana.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kiɗan ƙasar nan ya sauya tun tuni: gonaki sun tsuke, samari na Libiya da Legas, mata na hanyar Tamanrasat, waya na hannun kowane yaro. Rawar da muke nuna wa baƙi kuwa tana nan yadda aka bar ta, kamar ba abin da ya faru. Yaranmu za su yi rawa ko mun so ko mun ƙi, suna ma yi a bayan ɗaki gaban waya. Zaɓin da ya rage mana shi ne ko su yi ta kwafar ta wasu, ko mu ba su hanyar da za su faɗi nasu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Malaman da ke shirya bikin ƙarshen shekara su ware ko da minti goma ga abin da yara suka tsara da kansu a kan rayuwarsu, maza daban mata daban in haka gari ya fi so, a gayyaci iyaye tun ranar gwaji. Masu kula da al'adu a gunduma, in an sami ɗan abin da aka samu, a gayyato ɗaya daga cikin masu tsara rawa na Yamai ya yi mako biyu da matasanmu, ya fi a kashe shi duka a ɗinkin kayan tarbar baƙi. Mafi gaggawa kuma, waɗanda suka yi bale a zamanin samariya suna nan da ransu a Magarya da Dungas da ƙauyukansu, sun haura sittin, wasu na sayar da goro, wasu na jan carbi a ƙofar gida. Su suka san yadda ake ɗinka labari da taku a harshen wannan ƙasa. A je a gaishe su, a zauna, a tambaye su yadda suka yi, tun ƙafafunsu na iya nunawa. Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma dawo mana da matafiyanmu lafiya.